Gonar Furen Rana ta Hokuryu da Masu Ɗaukar Hoto

Hokuryu ƙaramin gari ne na manoman shinkafa a tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan, amma furen rana ne ya fito da sunansa. A shekarar 1979 wani ma'aikacin ƙungiyar manoman garin ya je Turai ƙaro ilimi, ya ga gonakin furen a Yugoslabiya sun yi rawaya iyakar ganin ido. Da ya komo gida ya ba da labari, matan ƙungiyar suka karɓi zancen hannu bibbiyu. Daga 1980 suka fara shuka shi, kowane gida da ɗan filinsa. Mai suke nema, na girki mai lafiya da za su tatsa daga ƙwayar, babu wadda ta kawo batun kyamara a ranta.

Baƙi ne suka sauya akalar abin. Ganin yadda masu wucewa ke tsayawa kallo, garin ya fara bikin furen a 1987, sannan a 1989 aka keɓe masa fili guda. Yau filin ya kai kadada 23, da furanni wajen miliyan 2, kuma ana bikin daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Ana yanka hanyoyi masu ruɗarwa a cikin gonar, ɗaliban makarantar garin kuma suna renon irin furen na ƙasashe daban-daban. Shinkafar garin ma sunan furen take ɗauke da shi a kasuwa.

Mai ɗaukar hoto dole ya bi halin shukar. Tana ƙarama kanta yana bin rana daga gabas zuwa yamma, ya juyo da dare. Da ta buɗe sosai sai ta tsaya cak tana fuskantar gabas, abin da masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka yi bayaninsa a 2016. Shi ya sa gwanaye ke sammako: hasken safiya na sauka a fuskar furen, har a ga ƙudan zuma na yawo a tsakiyarsa. Da yamma rana na bayansa, hoton ya fi launi amma fuskar ta yi duhu.

Zuwan wayar hannu da Instagram ya ninka jama'a a irin waɗannan gonaki, kuma ba ko'ina aka shirya musu ba. A Yulin 2018 gonar Bogle da ke Ontario a Kanada ta rufe ƙofarta bayan dubban motoci sun toshe hanya, mutane sun tattake shuka. A Hokuryu kuwa tun asali don baƙi aka tsara filin, da hanyoyinsa da wurin ajiye motoci da dandamalin hangen gonar daga sama.