Karkatar da riba: yadda manyan kamfanonin duniya ke rage harajin da suke biya

Karkatar da riba dabara ce da kamfani mai rassa a ƙasashe da dama ke bi domin ribar da ya samu a ƙasa mai tsadar haraji ta bayyana a littattafan reshensa da ke ƙasa mai sauƙin haraji. A Najeriya manyan kamfanoni na biyan kashi 30 cikin ɗari na ribarsu, saboda haka kowace naira 100 da aka kawar daga lissafin riba na jawo wa baitulmali asarar naira 30.

Hanyoyi uku ne suka fi shahara. Ta farko ita ce farashin ciniki tsakanin rassa: reshen waje ya sayar wa na Najeriya kaya da tsadar da ta wuce ta kasuwa, ribar gida ta ragu, ta waje ta ƙaru. Ta biyu ita ce bashi, inda uwar kamfani ke ranta wa reshenta kuɗi, a cire kuɗin ruwa kafin a lissafa haraji. Ta uku ita ce ladan amfani da sunan kamfani da na ba da shawara, waɗanda tantance ƙimarsu ke da wuya.

'Yan kasuwar Riko da sauran garuruwan Jibiya da ke bi ta Magama zuwa Maraɗi sun san tasirin farashin da ke kan takarda. Kwastan na sa ido kada a rage farashin kaya don kauce wa kuɗin fito, hukumar haraji kuwa na sa ido kada a kumbura shi don ɓoye riba. Sai dai buhu ana ganinsa a mota, kuɗin ruwa da ladan suna kuwa ba sa bi ta shingen bincike.

A 2015 kwamitin Thabo Mbeki ya ƙiyasta cewa fiye da dala biliyan 50 na sulalewa daga Afirka kowace shekara ta ɓarauniyar hanya, mafi yawa ta harkokin kasuwanci. Hukumar FIRS ta fitar da ƙa'idojin farashin ciniki tsakanin rassa a 2012, ta sabunta su a 2018, bisa sharaɗin rassa su yi ciniki da juna kamar bare da bare. Dokar kuɗi ta 2019 ta taƙaita kuɗin ruwan da ake cirewa kan bashin da aka karɓo daga reshen waje.

A Oktoban 2021 ƙasashe 136 sun amince da harajin da bai gaza kashi 15 ba, amma Najeriya ta ƙi sa hannu saboda tana ganin kasonta bai taka kara ya karya ba. A 2023 ita ce ta gabatar da ƙudurin ƙasashen Afirka na tsara yarjejeniyar haraji a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta tanadi mafi ƙarancin kashi 15 a kan manyan kamfanoni.