Daga Kaset Zuwa Faifai: Finafinan Da Aka Bari A Hanya

Tarihin finafinan Hausa na bidiyo yakan faro ne daga 1990, shekarar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. Akasarin masu ba da wannan tarihi 'yan wasa da mawaƙa suke lissafawa. Ni kuwa tunda na shiga aikin kwashe tsofaffin faya-fayan CD na gidanmu zuwa DVD, sai na lura da wani tarihin da ba a cika kula shi ba, wato na mazubin da fim ɗin yake zuwa a ciki. Sau uku aka sauya mazubin nan cikin shekaru talatin, kuma duk sauyin da aka yi sai an bar wasu finafinai a baya.

Na farko shi ne kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Cinikinsa a Kano yana da ban sha'awa. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake bugawa mai hotunan 'yan wasa, ya kai wa 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai tare da uwar kaset. Su ne za su jera na'urori su yi ta kwafa, su zura a kwalin. Iya kwalin da ya sayar, iya kuɗin da ya samu. A wannan zamani ne marubutanmu suka tsunduma harkar. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim, haka Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Mai karatu, in ka san waɗannan littattafai, ka tambayi kanka yaushe rabonka da ganin finafinansu.

Sai faifan VCD ya shigo, wanda mu CD kawai muke ce masa. Tun 1993 kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita suka tsara shi. Amurka da Turai ba su waiwaye shi ba, ƙasashen Asiya ne suka rungume shi, daga can kuma na'urorinsa masu araha ƙirar Sin suka cika kasuwanninmu a farkon shekarun 2000. Ɗan kasuwa dai ba ma'ajin tarihi ba ne, abin da zai fita yake bugawa. Sangaya na 1999 da Wasila na 2000, masu waƙoƙin da suka game gari, sun haye. A kwalin gidanmu na ƙirga faya-fayai sama da ɗari, amma babu fim ko ɗaya na kafin Sangaya. Waɗannan a kaset muka kalle su, a kaset kuma suka tsaya, har zarensa ya yi fumfuna. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset, ya daina a 2016.

Aikin kwashewar shi kansa ya nuna mini irin talaucin VCD. Faifai guda ba ya wuce minti 74 zuwa 80, shi ya sa fim mai tsawo yake zuwa a faifai biyu, kana tsakiyar rigimar kishiyoyi sai ka miƙe ka sauya. In ka sa shi a kwamfuta za ka tarar da fim ɗin a wata jaka mai suna MPEGAV, shi za ka kwafo. Hoton ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. A ƙaramar talabijin ta da ba ka ganin aibinsa, amma a faffaɗar ta yanzu fuskar jaruma sai ta koma kamar an jera tubala. Mayar da shi DVD ba ya ƙara masa ko ɗigo ɗaya, duk da yaran shagon kwamfuta kan ce za su "wanke" maka shi. Sautin ne ma dole a juya, domin na VCD 44.1 ne, na DVD kuma 48, in an yi ganganci sai baki ya riga magana. Ribar dai ita ce faifan DVD-R mai cin gigabait 4.7 yana ɗaukar kusan awa bakwai na irin wannan hoto, wato fim uku masu faifai bibbiyu.

Wahalar tana wajen waɗanda suka karce. Na'urar kallo takan yi tsalle ta wuce gurbin, kwamfuta kuwa sai ta tsaya cak ta ce ba ta iya karantawa. Wasu na goge su da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, suka ba da kai. Wasu kuma ko ƙwarzane babu, amma sun mutu. Waɗannan CD-R ne da aka kwafa a shago, rubutunsu a kan wani rini yake, kuma zafi da hasken rana suna cinye rinin a hankali. DVD-R ɗin da nake zuba su ma rinin ne a cikinsa, don haka kowane fim sai na ajiye wani kwafin a kwamfuta.

Shi kansa DVD ɗin bai daɗe yana mulki ba. Satar fasaha ta ci shi da faifai mai fim goma, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa shi. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, daga baya finafinai masu dogon zango irin su Labarina suka koma talabijin da YouTube. Wasu tsofaffin finafinan sun bayyana a YouTube ɗin, to amma ka duba su da kyau: daga VCD ɗin wani gida aka ɗauko su, da tsallensu da tallar ɗan kasuwa tana gudu a ƙasan hoto, sau da yawa kuma an yanke sunayen ma'aikata na ƙarshe.

Cikin nawa, goma sha ɗaya sun ƙi karantuwa sam. Huɗu daga cikinsu faifai na biyu ne, saboda haka ina da farkon labari huɗu da babu ƙarshensu. Kwalayensu na ɗauke su hoto gaba da baya, domin a nan ne kaɗai sunan marubucin labarin da na mai ɗaukar hoto suka rage mini.