Fengwin na Tsibirin Robben: Yadda Suke Haihuwa da Abin da Ke Rage Su

Duniya ta san Tsibirin Robben ne a matsayin kurkukun da Nelson Mandela ya shafe shekaru 18 a cikinsa, daga 1964 zuwa 1982. Sai dai wannan tsibiri da ke gaɓar birnin Cape Town a Afirka ta Kudu mazauni ne kuma na fengwin na Afirka, tsuntsun teku mai baƙin baya da farin ciki, wanda ba ya tashi sama, sai dai ninƙaya. Farauta ta kawar da shi daga tsibirin tun wajen 1800, bai dawo ba sai a 1983.

Yadda suke haihuwa

Fengwin kan fara haihuwa yana da kimanin shekaru huɗu, kuma namiji da mace sukan koma sheƙa ɗaya kowace shekara. Galibi macen kan saka ƙwai biyu, su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan kwana 40. Bayan ƙyanƙyasa, ɗaya kan tsaya gadi, ɗayan ya shiga teku ya kamo kifi, ya dawo ya amayo wa 'ya'yan a baki. Sai sun yi wata biyu zuwa huɗu kafin su shiga ruwa da kansu.

A tsibiran yankin, asali fengwin kan haƙa rami ne cikin kashin tsuntsaye da ya taru shekaru aru-aru, wanda ke kare ƙwai daga zafin rana da masu sata. A ƙarni na 19 'yan kasuwa suka kankare wannan kashi suka sayar a matsayin taki. A Robben, yawancinsu a ƙarƙashin ciyayi suke sheƙa, ko cikin akwatunan da aka ajiye musu.

Matsalar abinci

Tsuntsun da ke renon 'ya'ya ɗaure yake da sheƙarsa. Ba kasafai yake wuce kilomita 20 zuwa 40 daga tsibirin ba, domin dole ya dawo kafin yunwa ta galabaitar da su. Abincinsa kuwa ƙananan kifaye ne, sadin da ancobi, waɗanda su ne manyan jiragen kamun kifi ke kewayewa da koma. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 garkunan sadin suka karkata gabas saboda sauyin yanayin teku da matsin kamu. Idan kifi ya yi nisa, 'ya'ya kan rame su mutu, ko iyayen su watsar da sheƙar.

Malalar mai ma ta yi ɓarna. A watan Yunin 2000 jirgin dakon kaya mai suna Treasure ya nutse tsakanin tsibiran Robben da Dassen, mai ya shafi fengwin kimanin 19,000. Masu aikin sa kai sun wanke su, aka ceto mafi yawa. Yunwa ce ta fi wuyar magani: a 2004 akwai sheƙa sama da 8,000 a Robben, yau ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na hakan ba.

Daga teku zuwa kotu

Daga 2008 gwamnati ta yi gwajin rufe ruwan wasu tsibirai ga jiragen kamun kifi, kuma a Robben an ga ƙarin 'ya'yan da ke rayuwa a shekarun da aka rufe. Kamfanonin kifi sun yi jayayya da sakamakon, suna kafa hujja da asarar ayyukan yi. A 2024 ƙungiyoyin BirdLife South Africa da SANCCOB suka maka gwamnati a kotu, suna cewa iyakokin da ta shata sun yi kaɗan. A Oktoban shekarar, ƙungiyar IUCN ta sanya tsuntsun a jerin halittun da ke dab da ƙarewa, bayan ma'auratan da ke haihuwa sun gaza 10,000.

A Maris 2025 Babbar Kotun Pretoria ta tabbatar da sulhu tsakanin ɓangarorin: an haramta kamun sadin da ancobi na kasuwanci a kewayen mazaunai shida na tsawon shekaru 10, ciki har da kilomita 20 kewaye da Robben. Masana sun yi gargaɗin cewa idan raguwar ta ci gaba, tsuntsun na iya ƙarewa a teku nan da 2035. Ƙidayar sheƙa ta kowace shekara ce za ta nuna ko hukuncin ya zo a kan kari.