Jason Bourne (2016): Tarihin Fim ɗin da Ya Zo Bayan Labari Ya Ƙare

Jason Bourne fim ne na leƙen asiri da faɗa wanda kamfanin Universal Pictures ya saki a Amurka ranar 29 ga Yuli, 2016. Shi ne na biyar a jerin fina-finan Bourne, kuma na huɗu da Matt Damon ya fito a matsayin jarumi. Paul Greengrass ne ya ba da umarni. Fim ɗin ya kawo kuɗi sosai, amma masu sharhi da yawa da tsofaffin masoyan jerin sun ce bai kama ƙafar na baya ba.

Asali

Marubucin Amurka Robert Ludlum ne ya ƙirƙiro Bourne a littafinsa The Bourne Identity na 1980, ya biyo shi da wasu biyu a 1986 da 1990. Ludlum ya rasu a 2001, shekara guda kafin Doug Liman ya fito da fim na farko.

Fim ɗin 2002 ya buɗe da wasu masunta suna tsamo mutum daga Bahar Rum da harbin bindiga biyu a bayansa. A ƙugunsa an binne wata 'yar na'ura mai nuna lambar asusun banki a Zurich. Da ya je bankin aka buɗe masa akwati, sai ga kuɗi, ga bindiga, ga fasfo iri-iri, duk da hotonsa amma sunaye daban-daban. Hannunsa ya iya kisa, bakinsa na jin harsuna, amma bai san ko shi wane ne ba. Wannan tambayar ce ta riƙe 'yan kallo har fina-finai uku.

Lokacin ɗaukaka

Greengrass ya karɓi ragamar aikin a The Bourne Supremacy na 2004, da salonsa na riƙe kyamara a hannu da saurin sauya hoto. A fim ɗin aka kashe Marie, masoyiyar Bourne, a Goa ta ƙasar Indiya. Kusa da ƙarshe, Bourne ya isa Mosko jina-jina, ya zauna gaban wata budurwa ya shaida mata cewa shi ne ya kashe iyayenta, sannan ya ba ta haƙuri. Irin wannan nadamar ce ta bambanta shi da sauran jaruman leƙen asiri.

The Bourne Ultimatum na 2007 ya rufe labarin. Bourne, wanda sunansa na yanka David Webb, ya gano cewa da ƙafarsa ya kai kansa cikin shirin hukumar CIA da ya mai da shi makashi. Ya faɗa kogi a New York, ya yi iyo ya ɓace. A ruwa aka fara, a ruwa aka gama. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 440, ya kuma ci kyautar Oscar uku, ɗaya ta haɗa hoto, biyu na sauti.

Shekarun jira

Damon ya sha faɗa cewa ba zai koma ba sai da Greengrass. Kamfanin bai so ya bar kaza mai ƙwai ba, sai ya fitar da The Bourne Legacy a 2012. Tony Gilroy, wanda ke cikin marubutan ukun farko, ya ba da umarni, Jeremy Renner kuma ya fito a matsayin wani jami'i mai suna Aaron Cross. Kuɗin da ya samu bai kai dala miliyan 300 ba. A 2013 Edward Snowden ya tona asirin yadda gwamnatin Amurka ke tattara bayanan wayoyi da intanet na jama'a, kuma wannan ya ba Greengrass da Damon hujjar komawa. A karon farko aka rubuta fim ɗin Bourne ba tare da Gilroy ba. Greengrass ne ya rubuta tare da Christopher Rouse, wanda ya ci Oscar ɗin haɗa hoto a fim na uku.

Labarin fim ɗin

Bourne na ɓoye a Girka yana cin abinci da dambe. Nicky Parsons, tsohuwar jami'ar CIA da Julia Stiles ke fitowa a matsayinta, ta kutsa kwamfutocin hukumar ta kawo masa bayani a kan mahaifinsa. Suka haɗu a Atina, babban birnin ƙasar, ana tsakiyar zanga-zanga, aka harbe ta a can. Daga nan Bourne ya bi sawu zuwa Berlin da Landan da Las Vegas. Ya gano cewa mahaifinsa, Richard Webb, shi ne ya tsara Treadstone, shirin da ya mai da Bourne makashi, kuma hukumar ce ta kashe shi da bam a Bairut don ɗansa ya fusata ya shiga. Tommy Lee Jones ya fito a matsayin shugaban CIA, Alicia Vikander a matsayin shugabar sashen kwamfuta, Vincent Cassel a matsayin makashi, Riz Ahmed kuma a matsayin mai kamfanin sada zumunta da hukumar ke son amfani da shi.

Karɓuwa da suka

An kashe wajen dala miliyan 120, aka samu kimanin miliyan 415, wato na biyu a jerin bayan fim ɗin 2007. An yaba wa ɓangaren zanga-zangar Atina, wanda aka ɗauka a tsibirin Tenerife na Sifaniya. Amma a shafin Rotten Tomatoes, inda sama da kashi 90 cikin 100 na masu sharhi suka yaba wa fim na uku, wannan da kaɗan ya wuce rabi.

Sukar tana da tushe. Kisan Nicky maimaici ne na kisan Marie. Batun sa ido a kan jama'a, wanda shi aka ce ya dawo da Greengrass da Damon, sama-sama aka taɓa shi. A 2002 Bourne ya kare kansa da biro, ya tsere wa 'yan sandan Faris a tsohuwar ƙaramar mota. A 2016 kuwa motar sulke ce ke watsa motoci a titin Las Vegas har ta afka gidan caca. Mafi muni shi ne labarin mahaifin. Fim na uku ya ɗora wa Bourne alhakin zaɓinsa, wannan kuma ya sauke masa, ya ce yaudararsa aka yi. Da haka aka rage nauyin nadamar da ta sa mutane suka so shi.

Bayan haka

A 2019 tashar USA Network ta fara shiri mai suna Treadstone, aka dakatar da shi bayan zango ɗaya. Fim ɗin 2016 ya cika aljihun kamfani, amma bai ƙara wa jarumin komai ba, domin tambayar da ke tafe da shi an riga an amsa ta shekara tara kafin nan. Mai son sanin Bourne, fina-finan 2002 da 2004 da 2007 sun ishe shi.