Gidan Battersea da Tarihin Amanar Kyanwa a Landan

A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta sami wata tsohuwar bargar dawaki a unguwar Holloway da ke arewacin Landan, ta fara tara karnukan da suka ɓace ko yunwa ta galabaita su a titi. Ba mai dukiya ba ce, kuma cutar daji ta yi ajalinta a 1865, tun aikin bai gama tsayuwa da ƙafarsa ba. Maƙwabta suka yi ta ƙorafin haushi, har aka mayar da gidan zuwa Battersea, kudu da kogin Thames, a 1871, inda yake har yau. A 1883 ya fara karɓar kyanwoyi. Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan gida a matsayin sha'awar waɗanda suka ƙoshi. Tarihinsa kuwa wani abu daban yake nunawa: yadda birni ya yarda, sannu a hankali, cewa dabbar da ke gararamba a titi sakacin mutum ne ya kai ta can, don haka mutum ne zai biya bashin.

Ba lokacin da wannan gaskiya take fitowa fili kamar bazarar Ingila, daga Yuni zuwa Agusta. A ƙarni na 19 masu hali sukan rufe gidajensu na Landan su tafi ƙauye ko bakin teku hutu, su bar kyanwar da ta shekara tana kama musu ɓeraye a waje, ba ci ba sha, bisa tunanin cewa ai za ta nemi na kanta. Ga shi kuma lokacin ne na haihuwa. Kyanwa tana neman muzuru ne idan yini ya yi tsawo, cikinta sati 9 ne kawai, tana iya ɗaukarsa tun tana wata 4 da haihuwa, ta kuma haihu sau 2 ko 3 a shekara. Kyanwa guda da aka yasar a watan Yuni, kafin sanyi ya shigo ta zama garke. Har yau a wannan tsakanin ne ɗakunan Battersea da na ƙungiyar Cats Protection, wadda aka kafa a 1927, suke cika maƙil da jarirai.

Sukar farko da aka yi wa gidan ita ce wadda har gobe ake maimaitawa. Jaridar The Times ta yi masa ba'a tun yana sabo, tana ganin bai kamata a ciyar da kare ba alhali yara suna kwana a titi da yunwa. Maganar tana da nauyi, domin talaucin Landan na wancan zamani ba ƙarami ba ne. Sai dai ta ginu a kan zaton cewa tausayi yana ƙarewa idan aka raba shi, kuma tarihin Ingila ya ƙaryata hakan. William Wilberforce, wanda ya yi gwagwarmayar hana cinikin bayi, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1824. Mujallar Charles Dickens, marubucin da ya fi kowa tona asirin wahalar yaran talakawa, ita ce ta kare gidan a 1862. Kuma ba Turawa suka fara ba. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya bar wakafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyi marasa gata. Musulmi kuwa ya san labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: gidan da ke karɓar duk abin da aka kawo yana sauƙaƙa wa mai sakaci, kuma idan wuri ya cika, kisa ne ke biyo baya. Wannan ya faru. A 1884 aka girka a Battersea ɗakin kashe dabbobi da iskar sa barci, wanda likita Benjamin Ward Richardson ya ƙera, kuma ɗimbin waɗanda ba a zo nema ba a nan suka ƙare. A farkon Satumbar 1939, da yaƙi ya ɓarke, tsoron bom da ƙarancin abinci ya sa mutanen Landan suka kai dubban ɗaruruwan karnuka da kyanwoyi aka kashe cikin 'yan kwanaki. Darasin da aka ɗauka daga waɗannan shekaru shi ne ya sauya aikin: karɓa kaɗai ba ta isa, rigakafi ya fi magani. Yanzu kafin kyanwa ta bar gidan sai an yi mata allura da tiyatar hana haihuwa, muzuru a yi masa fiɗiya, a sa musu wata na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai lambar da ke kai ga sunan mai su. Wanda ya zo ɗaukar riƙo ana tambayarsa yanayin gidansa, ko akwai yara ko wata dabba, da tsawon lokacin da yake yi a waje. Ta wannan hanya wani muzuru mai suna Larry ya fito a Fabrairun 2011 ya koma gidan firaminista da ke lamba 10 a titin Downing.

Doka ma ta bi sawun. Ta 1822 zaluntar dabbobin gona irin su dawaki da shanu kawai ta hana. Ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin abinci da muhalli da lafiya, tun kafin cuta ta auku. Daga 10 ga Yunin 2024 wajibi ne a Ingila a sa wa kyanwa waccan na'ura kafin ta kai sati 20, in ba haka ba tarar har fam 500. Gargaɗin da ake yi duk bazara daga wannan tushe yake, musamman tun da zafi ya haura digiri 40 a Ingila a Yulin 2022. Kyanwa ba ta gumi sai ta tafin ƙafa, da lasar gashi take sanyaya jiki, don haka idan aka gan ta tana haki baki buɗe, maza sai likita. A duba rumfa da gareji kafin a kulle, a ajiye ruwa a inuwa, a kare mai fararen kunnuwa daga rana saboda cutar dajin fata, kada a bar kare a mota ko da an sassauta gilashi.

Saboda haka ba da yawan dabbobin da gida ya tara ake auna nasararsa ba. Ana auna ta ne da raguwar waɗanda ake yasarwa, da yawan masu riƙon da suka cika alkawari har tsufan dabbar, wadda kan kai shekara 15. Duk wanda ya ɗauki kyanwa ya karɓi amana, kuma amanar tana kansa ko yana gida ko ya tafi hutu.