Daga Tashar Jirgi Zuwa Gidan Waya: Inda Kuɗin Karatunmu Ya Riƙa Fitowa

A unguwar nan, kuɗin karatun yaro bai taɓa fitowa daga aljihu ɗaya ba. Tara shi ake yi kamar kuɗin biki. Wurin tarowar ne kawai yake sauyawa.

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. Tun 1927 garin ya zama mahaɗa, layin Fatakwal ya iso, reshe ya nufi Jos, wani ya nufi Kaduna. Daga baya fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan. Kakanninmu fatake da mahauta da maɗinka suka biyo kasuwa daga Kano da Zariya da Katsina. Su kuɗin makarantar da suka sani shi ne kuɗin Laraba na malamin allo. Boko kuwa sun ɗan ja baya da shi, don yawancin makarantun yankin na mishan ne. 'Yan kaɗan da suka shiga, En'e ce ta ɗauki nauyinsu.

Da gwamnatin Obasanjo ta kawo ilimin firamare kyauta a 1976, sai aka shiga neman malamai ido rufe. A 1977 aka buɗe kwalejin horon malamai a nan Kafanchan, wadda yanzu take Gidan Waya. Zamanin nan ɗalibin koyon malanta har alawus yake karɓa, wani ma ya yago wa gyatumarsa kuɗin goro. Daɗin bai daɗe ba. A 1978 ƙarin kuɗin abinci a jami'o'i ya jawo zanga-zangar neman tsige ministan ilimi, Ahmadu Ali. Da Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, nauyi ya dawo kan iyaye gaba ɗaya.

To, nan fa iyayenmu mata suka ɗaura ɗamara. Suna cikin gida, amma kaskon ƙosai ba ya hucewa. Jirgi na tsayawa, yara sun cika tasha da farantan dafaffen ƙwai da gyaɗa da rake, ana miƙawa ta taga. Ribar ba a ci, adashe ake zubawa. Uwa mai wayo takan roƙi uwar adashe a ajiye mata kwasarta ta faɗo daidai lokacin komawa makaranta. In bai kai ba, a sayar da tunkiyar da aka kiwata don Babbar Sallah, ko a fitar da kwanukan jere a kai kasuwa da dare don kada maƙwabta su gani.

Gaskiya ɗaya da ba mu cika faɗa ba: masu ɗaukar farantan nan yawanci 'yan mata ne, masu zuwa kwalejin kuwa yayyensu maza. Akwai malamai da ma'aikata a cikinmu yau da takardarsu ta fito daga tallan ƙanwar da ko aji shida ba ta gama ba.

Da jirgi ya yi sanyi, tasha ta mutu, sai samari suka koma wa citta. Hutun ƙarshen shekara yana faɗowa daidai lokacin haƙarta, ɗalibi ya bi dillali zuwa Kwoi ko Kachia, a tsaga, a shanya, a ɗinke buhu, a yi lodi. Wasu suka hau acaɓa da yamma bayan lacca.

Sai ga 2021, gwamnatin El-Rufai ta ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna, mai reshe a garin nan, zuwa naira 150,000. A 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000, na Gidan Waya kuma daga 75,000 zuwa 37,500. Amma a daminar shekarar nan ce cuta ta ruɓar da citta a gonaki, aikin hutu ya ƙafe.

Yanzu bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2024, shi ne zancen majalisa. Dattawa tambayarsu ɗaya: akwai kuɗin ruwa? Babu. Biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Duk da haka iyaye mata ba su fasa zubi ba, don bashin sai yaro ya samu gurbi ake ba shi, kuɗin fom da na jarrabawa kuwa har yau daga adashe suke fitowa.