Ginin ƙasa a zangon Djougou da Parakou

Fataken goro masu bin hanyar Kano zuwa Gwanja su ne suka kafa mu a Djougou da Parakou. Da suka zauna, da ƙasar wurin suka yi gini: bango mai kauri, yaɓe da makubar ɗorawa, rufi da azara ko shuci. Babu rubutacciyar doka, amma akwai ƙa'ida. A ƙasar Hausa Sarkin Magina ke tsare ta, kuma magini ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya bushe. Irin wannan ɗaki kan riƙe sanyi har a tsakiyar bazara.

Siminti da kwano suka shigo, muka ɗauke su alamar arziki, ga shi yau ɗakunanmu da rana tamkar tanderu.

A 1999 Jamhuriyar Benin ta kafa dokar muhalli, wadda ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka kafin a fara su. Doka ce mai kyau, sai dai zafin ɗakin talaka ba ya cikinta. A 2023 kuwa UNESCO ta shigar da gidajen ƙasa na Batammariba, arewa maso yamma da Djougou, cikin kayan tarihin duniya. Su ma da ruwan ɗorawa ake yaɓe su.